Idan Jarumi Ya Fi Ƙarfin Darakta

Ɗana, ka rubuto mini cewa ka kalli The Missouri Breaks, fim ɗin kaboyin nan na 1976, kuma abin da Marlon Brando ya yi a cikinsa ya ɗaure maka kai, har kana so in gaya maka ko irin wannan wasa na ganin dama ɗaga fim yake yi ko rusa shi. Da a ce ɗaya daga cikin sauran yaran shagon ne ya tambaya, da ban ɓata lokacina ba, domin mafi yawansu ba sa iya zama su kalli fim na awa biyu ba tare da hannunsu ya koma kan waya ba. Kai ka kalle shi har ƙarshe, kuma tambayarka ta fama mini wani tsohon miki, saboda haka zan amsa maka.

Labarin fim ɗin ba shi da wata sarƙaƙiya. A ƙasar Montana ta Amurka, wani attajirin makiyayi ya gaji da ɓarayin dawaki waɗanda Jack Nicholson ke jagoranta, sai ya ɗauko hayar wani makashi mai suna Clayton domin ya gama da su ɗaya bayan ɗaya. Brando ne makashin. A lokacin ya riga ya yi The Godfather a 1972, shi kuwa Nicholson tauraronsa yana kan ganiyar haskawa, darakta kuma Arthur Penn ne, wanda ya yi Bonnie and Clyde a 1967, don haka ba za ka ce aikin 'yan koyo ba ne. Sai an ci fiye da rabin awa ana gina labari a natse kafin Brando ya bayyana, maƙale a gefen dokinsa yadda ba a ganinsa, yana magana da karin harshen mutanen Ailan. Daga nan ya riƙa sauya murya yadda ya so, ya ci karas baki da baki da dokinsa, ya kuma sa riga da hular tsohuwa a daren da ya cinna wa bukkar ɓarayin wuta.

Hukuncina shi ne rabin abin da ya yi gwaninta ce, rabin kuma sata ce. Dubi wurin da ya yaudari yaron nan, ƙaramin cikin ɓarayin, ya yi hira da shi kamar abokin tafiya, sannan ya nutsar da shi a kogi. A nan wasan banzan ya zama abin tsoro, domin mai kallo ya gane cewa mutumin da ke kashe rai yana raha ba shi da sauran imani a zuciyarsa. Amma a wasu wuraren, ka lura da fuskokin waɗanda ke tare da shi, za ka ga sun tsaya cirko-cirko suna jiran ya gama, kamar baƙin da mai gida ya manta da su a zaure. Wannan ne nake kira sata, domin ya ɗauke lokacin da labari ya ba wasu ya zuba a aljihunsa. Fim ɗin ya rabu biyu, ɗaya na Nicholson da yarinyar attajirin, ɗaya na Brando da dokinsa, kuma a kasuwa bai yi abin da ake tsammani daga taurari biyu irin waɗannan ba. Yau idan an tuna shi, rigar tsohuwar ake tunawa. Wasu na ganin hakan nasara ce, ni kuwa ina ganin asarar marubuci ce da ta darakta da ta duk wanda ya sha rana a wajen aikin.

Idan kana son ganin inda aka yi daidai, koma ka kalli Eli Wallach a The Good, the Bad and the Ugly na 1966. Surutu da zare ido da tsalle-tsalle babu wanda bai yi ba, amma darakta Sergio Leone ya ajiye masa Clint Eastwood a gefe, mutum mai tsadar magana, sai surutun ɗaya ya ƙara wa shirun ɗaya nauyi. Linzami yana hannun darakta tun daga farko har ƙarshe.

Ni kuwa na taɓa sakin linzamin, kuma abin da ya ci mini shi ne gonar da na gada daga mahaifina. A zamanin kaset ne, lokacin da nake ganin na isa in yi fim na kaina bayan shekarun da na yi ina tace na wasu. Na rubuta labarin ɓarayin shanu da mahaya dawaki, irin kaboyin da muka taso muna kallo a silima, amma a dajinmu da mutanenmu. Wani ɗan kasuwa ya karanta ya ce zai ɗauka da daraja, da sharaɗin in sa wani shahararren jarumi ya fito a matsayin bos. Na sayar da gonar, na biya jarumin kuɗinsa cif tun kafin ya taka lokeshan, ya ce kwana uku kawai zai ba ni. Dawakin ma aro na yi daga gidan wani basarake, da alƙawarin mayar da su ranar da aka yanka.

Ranar farko ya yi aiki yadda aka rubuta, har na gode wa Allah. Rana ta biyu sai ya zo da wani jan rawani da babu shi a kayan da muka tanada, ya kuma koma magana da Sakkwatanci, alhali jiya da Kananci muka ɗauke shi. Na matsa kusa da shi cikin ladabi na tuna masa, ya dube ni sama da ƙasa ya ce shi ba a koya masa aiki, mutane sunansa suke saye ba nawa ba. Mutanen ƙauyen da suka kewaye mu suna ta tafi, ma'aikatana suna dariya, ni kuma na ji nauyin in tsayar da kyamara a gaban jama'a. Rana ta uku ita ce ta babbar fitowa, inda bos zai kashe ƙanen gwarzon labarin. Yaron da zai mutu ya kwana yana haddar maganarsa, ya zo idanunsa cike da ƙwalla tun kafin a fara, kuma na tabbata da an bar shi ya faɗi jimlolinsa huɗu da babu matar da za ta kalli kaset ɗin ba ta share hawaye ba. Ana cewa a fara, sai mutumin nan ya ciro goro daga aljihu, ya ɓare, ya miƙa wa yaron da ke kwance cikin jini, ya shiga yi masa i'ina ta ƙarya yana kwaikwayon tsoho. Yaron ya rasa inda zai sa maganarsa. Kafin la'asar jarumin ya shiga motarsa ya tafi wani aikin.

A ɗakin tace fim, wanda haya nake biya awa-awa, na gane girman ɓarnar. Babu hoto biyu nasa da suka haɗu: a nan da rawani, a can babu, a nan murya ɗaya, a can wata. In ban da na ranar farko, ba ni da ɗauka ko guda ta yadda aka rubuta da zan fake da ita. Na nemi ya dawo kwana ɗaya, ya ce sai na sake biya. Kafin in haɗa kuɗin damina ta sauka, filin da muka ɗauka busasshe ya zama kore shar, dawaki sun koma gidansu. Haka na haɗa fim ɗin da ɗinki a fili.

Ɗan kasuwar da ya tilasta mini ɗaukar jarumin shi ne ya fara cewa fim ɗin ba na tausayi ba ne, ba kuma na barkwanci ba, saboda haka ba zai biya abin da muka yi magana ba. Ya karɓi kwali kaɗan a wulaƙance. Bayan wata biyu na je wani gari na tarar da kaset ɗina a shaguna cikin kwalin da ba ni na buga ba, da hoton jarumin da jan rawaninsa ya cika gaba. Ya buga nasa a ɓoye yana sayarwa a matsayin fim ɗin ban dariya. Shi ya ci riba, jarumin ya ƙara suna, yaron nan mai ƙwalla kuwa bai sake samun fitowa mai kyau ba har ya bar sana'ar. Har gobe idan na bi ta hanyar garinmu na hango gonar nan, ba na iya kallonta sau biyu.

Ba zan tsaya koya maka yadda ake rubuta kayan da kowa ya sa a kowace fitowa ba, wanda bai san wannan ba bai kamata ya riƙe ko wayar fitila ba. Abin da nake so ka riƙe shi ne, duk girman jarumi, ka fara ɗaukar fitowar yadda take a rubuce, da hotonsa na kusa da na abokin wasansa, sannan ka ce masa ya yi nasa. Idan nasa ya fi, ka ɗauka da hannu biyu, domin wani lokaci jarumi yana hango abin da marubuci bai hango ba, kamar yadda Brando ya hango a bakin kogin nan. Idan bai fi ba, kana da abin da za ka koma wa. Kuma kada ka biya kowa cikakken kuɗinsa kafin ranar ƙarshe.

Ku yaran yanzu kun fi mu shiga haɗari, domin kuna auna wasa da ɗan guntun da zai yawo a TikTok, kuma jarumin da ya san haka zai yi muku abin da zai sa a yanko shi daƙiƙa talatin ko da sauran fim ɗin ya mutu. Na ga yadda kuke rawar jiki idan mai suna ya shigo lokeshan, har darakta ya koma mai riƙe masa lema. Gobe idan ka zo shago, ka sake sa fim ɗin daga inda Clayton ya shiga wajen zaman makoki, ka kashe sauti, ka bar kallon Brando, ka kalli mutanen da ke tsaye a bayansa, sannan ka rubuto mini wuraren da kai za ka sa almakashi.