Ina son in wanke duwatsun kaburburan cocin Witbi, bilic zai yi?

Tambaya: Injiniya barka da aiki. Ina karatun zanen gine-gine a Ingila, mun je Witbi duba tsohon cocin Sent Meri da ke kan tsauni saman tashar jiragen ruwa. Abin da ya dame ni duwatsun kaburburan, rubutun wasu ya shafe, wasu duk gansakuka. Muna so mu yi aikin sa kai mu wanke su, wani abokina ya ce bilic da injin feshin ruwa sun isa. Haka ne?

Amsa: Ƙanina don Allah ka ce wa abokin nan naka ya ajiye injin. Cocin da ka gani tun wajen 1110 aka kafa shi, cikinsa kuma yawanci aikin ƙarni na 18 ne, kujerun nan masu ƙofa kamar akwati da mumbari mai hawa uku, ka dai hau matakala 199 ɗin ka gani da idonka. Duk wannan ya kai yau ne saboda ba a cika taɓa shi ba.

Yawancin duwatsun nan dutsen yashi ne, yana shan ruwa kamar soso. Iskar teku tana kawo gishiri, gishirin ya shiga ramukan dutsen, in ya bushe ya zama ƙwaya ya tura daga ciki, fuskar dutsen ta riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. To rubutun da kake cewa ya shafe ba datti ne ya rufe shi ba, ya zube ne. Bilic kuma gishiri yake bari a ciki, wato ka ƙara wa mai ciwo cutar da ke cinsa, zai yi fari fes ka ɗau hoto ka ji daɗi, bayan 'yan shekaru sunan mamacin ya tafi. Injin feshi da buroshin ƙarfe su nan take suke kwashe fatar da ta rage. Wallahi na gaji da masu bidiyon wanke kabari a intanet, mutum bai san wane irin dutse ne a gabansa ba amma ya zama malami.

Sai ɗan'uwan wannan ɓarna, wato siminti. Dutse ya tsage a cusa masa siminti, simintin ya fi shi tauri, ya hana danshi fita, sai dutsen ya ruɓe a gefensa. Mu da muka ga yadda shafen siminti yake kayar da ginin tubali a gida bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Kwaɓin farar ƙasa ake sawa, shi ma sai gwani.

Gansakukar ma bar ta, sau da yawa cire ta ya fi zamanta illa. Kuma ba ka da hurumin taɓa komai a harabar sai da izinin dayosis, wato hukumar coci da ke kula da cococin yankin, takardun suna da jan rai amma a nan ina bayansu. Ƙasar wajen ma ba ta zaune, a 2012 gefen tsaunin ya zaftare har ƙasusuwa suka fito.

In kuna son taimako ku je da sassafe ko dab da magariba lokacin da haske ke zuwa ta gefe, rubutun da ya dushe yana fitowa, ku ɗauki hoto ku kwafe shi a takarda ku miƙa wa masu kula da cocin.