Fitilun samfurina suna ƙonewa, in ja wuta daga soket?

Tambaya: Ni malamin kimiyya ne. Ina haɗa ɗan samfurin gonar Amurka ta shekarun 1930, lokacin da aka fara kai lantarki karkara, don baje kolin makaranta. Fitilun LED ɗin sai ƙonewa suke yi. Wani mai gyaran rediyo ya ce in sa resista (ɗan abin da ke rage ƙarfin wuta) in ja wuta daga soket. Hankalina bai kwanta ba, don yara ne za su kewaye shi.

Amsa: Malam, gara da hankalinka bai kwanta ba. Ƙonewar mai sauƙi ce: farar LED volt 3 take so, kai kuma kana ba ta wuta ba linzami. Ɗauki cajar waya mai kyau mai volt 5, ka sa wa kowace fitila resista mai om 1,000. Hasken zai yi dishi-dishi, irin na ƙwan wancan zamani.

Shawarar mai rediyon nan kuwa, na gaji da jin ta. Kusan kullum sai wani ya zo min da ita. Wai tunda samfurin ƙarami ne, wayar siririya, wutar ma ƙarama ce. Wa ya faɗa musu? Resista yana rage abin da ke ratsa fitila ne kawai, bai raba ka da soket ba. Wayar da ke gabansa tana ɗauke da volt 230 cif, in kuma aka juya fulogi, ɗaya ɓarin ne zai ɗauka. 'Yar wuta mai miliamfiya 30 kacal in ta ratsa ƙirji tana iya rikita bugun zuciya. Siririyar wayar tagullar da muke ja a kan falwayoyi ba ta da roba, ɗan fenti ne da farce ke kankarewa. Yanzu ka ɗora yatsan yaro mai gumi, ba takalmi, a kan siminti. Sai su ce "ai mun sha yi, ba abin da ya faru". Wanda abin ya faru da shi ba ya dawowa ya ba da labari. Taransifomar cikin caja ce ke raba ka da wutar gida, shi ya sa ma ban yarda da cajar bakin titi ba. Amanar 'ya'yan mutane ce a hannunka.

Sauran aikin daɗi ne. A ma'aunin 1:87, wato a rage girman komai sau 87, falwayar mita 9 santimita 10 ce, tsinken tsire ya wadatar. Ƙananan duwatsun ado su zama insuleta, guntun bututun biro ya zama taransifoma. Kada ka gicciya katako a sama: layukan hukumar kai lantarki karkara da Shugaba Roosevelt na Amurka ya kafa a 1935, masu volt 7,200, waya ɗaya ce a ƙoli, ɗaya a gefe ƙasa kaɗan, don rage kuɗi. Ranar baje kolin ma, batir uku na tocila sun isa, ka bar cajar a gida.