Zauren Masaƙa: Wace Masaƙa Za Mu Saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Mu mata ne goma sha biyu, muna da ƙungiyar sana'a. Biyar daga cikinmu sun iya saƙar tsaye irin ta gwado, wadda muka koya wurin iyayenmu, amma tana cin lokaci, ga ciwon kafaɗa. Mun tara kuɗin adashi muna so mu mallaki babbar masaƙa mai mataka, irin wadda ake zama a benci, don mu riƙa saƙa mayafin gado da zanen tebur. Ɗana ya duba mana a intanet, ya ce iri uku ne: kantabalans, jak da kantamaci. Sunayen ma kaɗai sun ɗaure mana kai. Wace za mu ɗauka, kuma yaya ake kafa ta?

*Shugabar ƙungiya, Tudun Wada, Zariya*

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sa albarka a wannan niyya. Kada sunayen su tsorata ki. Duk masaƙar da ke duniya aikinta ɗaya ne: ta raba zaren tsaye gida biyu, wani sama wani ƙasa, a sami baki, ƙoshiya ta wuce. Ku a saƙar tsaye da hannu kuke buɗe bakin nan, ku zura akwasha ku daka. Waɗannan ukun da ƙafa ake buɗe shi, kuma bambancinsu bai wuce yadda allera, wato igiyoyi masu ido da ke ɗaga zaren tsaye suna sauke shi, ke motsi idan an taka ba.

Ta farko, kantabalans, kin sha ganinta ba ki san sunanta na Turai ba ne kawai. Ki je inda maza ke saƙar fari ko saƙi, ki ɗaga kai ki dubi saman kansu. Allera biyu ne rataye da igiya ɗaya, igiyar ta bi ta kan ɗan katako mai juyawa. Masaƙi ya taka dama, ɗaya ta sauka, saukarta ta ja ɗayar sama. A kan irinta mahaifina ya zaunar da ni ina ɗan shekara tara. Bambancin ta Bature shi ne ta fi faɗi, allera huɗu gare ta, ga gida na katako. Takunta ba nauyi, domin allerar da ke sauka ita ke ɗaga 'yar uwarta, kuma zaren sama da na ƙasa duka a miƙe suke daidai. Kamfanin Leclerc na Kebek a Kanada ya daɗe yana ƙera irinta, akwai wadda suke kira Fanny. Inda take da rauni shi ne idan ana so a ɗaga allera uku a sauke ɗaya, kamar saƙar wandon jins. Nan bakinta ba ya buɗewa da kyau sai an yi ta lallaɓa. Biyu sama biyu ƙasa kuwa, babu mai kama ƙafarta.

Jak ita ce 'yar gaban goshin Amurkawa. Kowace allera da nata ɗan katakon da ke tura ta sama, babu ruwanta da sauran, idan an ɗage ƙafa nauyinta ya dawo da ita. Saboda haka duk haɗin da kike so za ki samu, ɗaya ko uku, kuma ɗaura matakanta ba wuya. Wasu ma ana naɗe su a jingina a bango, kamar Baby Wolf ta kamfanin Schacht da ke Kolorado, wadda faɗin saƙarta inci 26 ne, wato kusan santimita 66. Sai dai tunda nauyi ne ke dawo da allera, dole ta yi nauyi, kuma ƙafarki ce za ta ɗauki wannan nauyin tun safe har la'asar. Zaren ƙasa kuma ba a ja shi, yana nan kwance ne kawai, don haka idan kin ɗaure zaren tsaye tamau yadda mayafi mai kauri yake so, sai ya riƙa ɗago allerar da ya kamata ta zauna. Ga ta da ƙananan ƙarafa da yawa. Ranar da ɗaya ya karye, ba a Sabon Gari za ki same shi ba.

Kantamaci kuwa ta mutanen Suwidin da Finlan ce, irin su Glimåkra da Toika. A gaskiya ta fi su duka iya buɗe baki, domin kowane taku yana jan wasu allera sama, yana jan sauran ƙasa a lokaci guda, ko uku da ɗaya ne ko biyu da biyu. Amma kafin a sha wannan daɗi sai an ɗaura kowace allera da kowane mataki. Allera 4 da mataka 6 igiya 24 ke nan. Allera 8 da mataka 10, igiya 80, kuma kowace sai tsawonta ya zo daidai. A cibiyar koyon sana'ar da na yi koyarwa an taɓa ba mu kyautar irinta, tsohuwa, ba takardar bayani. Kwana uku na yi a tsugune a ƙarƙashinta da tocila a baki, in gyara wannan wancan ya karkace. Da ta tashi dai ta yi saƙa mai kyan gaske, ban hana mata haƙƙinta ba. Amma duk ranar da ɗalibi ya tsinka igiya ɗaya, sai a zauna a jira ni.

Shawarata ita ce ku ɗauki kantabalans mai allera huɗu da mataka shida, faɗinta tsakanin santimita 100 da 120. Kada wani ya ruɗe ku da mai faɗin gado gaba ɗaya. Hannun mutum iyakarsa ke nan wajen jefa ƙoshiya daga nan ya cafe ta can. Wannan matsala ce ma ta sa wani Bature ɗan Ingila, John Kay, ya ƙirƙiro ƙoshiya mai gudu da igiya a 1733. Ku saƙa fale biyu ku haɗa a tsakiya. Mu da muke haɗa siraran ƙwaryar saƙa sama da goma mu fitar da zane ɗaya, haɗa biyu zai gagare mu?

Kuma ba sai kun yi odarta daga waje ba, inda kuɗin jirgi da na kwastan za su lashe adashin kafin ta iso. Kafinta mai hankali zai iya ƙera ta idan aka ba shi hoto da awo. Sharaɗina ɗaya: busasshen katako, maɗaci ko makamancinsa. Na taɓa ba wani kafinta aikin, ya rantse mini katakon ya bushe. Hunturu na shigowa sandar gaba ta murɗe kamar ƙahon rago, duk zanen da aka saƙa gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ku ce ya haɗa ginshiƙan da huda da turaku na katako maimakon ƙusa, domin katako yana motsewa da rani yana kumbura da damina, turke kuwa bugu ɗaya da guduma ya sake kamawa. Abin da zan ce ku saya na kanti shi ne matsefi, wanda ake buga zare da shi, na ƙarfen da ba ya tsatsa. Idanun allera kuma akwai na igiyar roba da ake kira Texsolv, aikin Suwidin, amma idan kuɗi bai kai ba ku kafa ƙusoshi huɗu a jere a kan allo ku ƙulla naku da zare mai ƙarfi. A allo ɗaya za a ƙulla duka, don idanun su zo tsayi ɗaya.

To, kafawa. Ku nemi daɓe mai siminti wanda ba ya gangara, a ɗan ja ta daga bango yadda mutum zai zagaya ta baya, a kuma riƙa duba ƙafafunta saboda gara. Kafin a ɗora mata zare ko ɗaya, a ɗauki igiya a auna daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, sannan a auna ɗaya gicciyen. Idan awon biyu bai zo ɗaya ba, masaƙar a karkace take, kuma haka za ta haifi zanenta. Wannan awon minti biyar ne, amma shi ne mutane suka fi tsallakewa.

Sai lissafin wadari, wato shimfiɗa zaren tsaye. A ce kuna son faɗin santimita 90, zarenku kuma mai shiga 8 ne a kowace santimita. Zare 720 ke nan, kowace allera ta ɗauki 180. Idan matsefinku mai ƙofa 4 ne a santimita, sai a zura zare bibbiyu a kowace ƙofa. A tsawo kuma ku ƙara kamar kashi ɗaya cikin goma, domin zare yana hawa yana sauka yana cin tsawonsa, sannan ku ƙara kusan mita ɗaya na abin da masaƙar za ta riƙe gaba da baya wanda ba ya saƙuwa. Gicciyen wadari kun fi ni saninsa. Ku zura masa sanduna biyu ku ɗaure bakinsu, kada a zare su sai an gama zura kowane zare a idonsa.

Inda hannunku zai yi baƙunta shi ne naɗi. Masaƙar maza tamu tana shimfiɗa zarenta ne can gaba a fili, a ɗaure shi da ɗan katakon da ake kira kunkuru, a ɗora masa dutse, yana matsowa ana saƙa. Dutsen nan shi ke daidaita ja, ba ruwan masaƙi. Wannan ba ta da kunkuru. Zaren duka a jikin sandar baya ake naɗe shi, wili mai haƙora ya riƙe. Aikin mutum uku ne: ɗaya na juyawa, ɗaya ta riƙe zaren da ƙarfi ɗaya ba ta saki ba ta fizga, ta uku tana saka kwali ko siraran sanduna tsakanin kowane zagaye don kada na sama ya nutse cikin na ƙasa. Idan aka yi ganganci a nan, sai an saƙa mita biyu abin zai fito, wasu zaren su yi lagwai-lagwai, kuma babu gyara sai kwancewa.

Allera huɗun a ɗaure su wuri ɗaya tukuna, a rataye su yadda zaren da ya taso daga sandar baya zuwa ta gaba zai bi ta tsakiyar ido ba tare da ya lanƙwasa ba. Sannan a ɗaura mataka, kowane da allera biyu, igiya 12 ke nan. Mataki ɗaya ya ja ta 1 da ta 3, wani ya ja ta 2 da ta 4, wannan ita ce saƙar da kuka saba. Sauran huɗun a ba su 1 da 2, 2 da 3, 3 da 4, 4 da 1, su za su ba ku saƙa mai layi a karkace. Benci kuma ya yi tsayin da gwiwar hannu za ta ɗan haura sandar gaba. Na san za a sami mai cewa saƙar taku ta maza ce. A Suwidin ɗin da suka shahara da ita, mata ne suka fi zama a kanta.

Wadarin farko ku yi shi gajere, mita uku, da zare mai araha.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne, ina koyon saƙa a babbar masaƙa. Da damina lafiya lau nake aiki, amma tun da sanyi ya shigo zaren gefe ke ta tsinkewa, zanen kuma yana tsukewa. Masaƙar ce ta lalace?

*Wani matashi daga Maraɗi*

Amsa: Ɗana, masaƙarka lafiyarta ƙalau. Abu biyu ne suka haɗu maka. Auduga tana son danshi, iskar hunturu kuwa tana busar da ita har ta yi gautsi. Ka jiƙa buhu ka shimfiɗa a ƙarƙashin zaren, ka rufe taga, ka fi ba da ƙarfi ga aikin safe. A wadari na gaba ka tsoma zaren cikin sitaci mai ruwa-ruwa ka shanya kafin ka ɗora.

Amma tsukewar nan daga hannunka take. Kana jan zaren ƙoshiya ya miƙe sak kafin ka buga, alhali shi ma yana bukatar rara don ya bi sama da ƙasan zaren tsaye. Da ya rasa sai ya jawo gefuna ciki, matsefi kuma ya riƙa gurzar zaren gefen a kowane bugu har ya yanke shi. Ka bar shi ya kwanta a karkace cikin baki, sannan ka buga. Ka gwada ka gani: ka jawo matsefi kusa da bakin saƙa, idan faɗin zanen ya gaza faɗin zaren da ke cikin matsefi da fiye da yatsa ɗaya a kowane gefe, ka yi ja da yawa. Ka kuma shafa ƙofofin matsefin na gefe da yatsa, wataƙila tsatsar damina ta bar musu kaifi.

Tambaya: Baba, na gaji ƙaramar masaƙar kakana. Abokaina sun ce zamaninta ya wuce, in sayar in nemi babba.

*Mai karatu daga Kura, Jihar Kano*

Amsa: Daga Kura kake wannan tambaya? Garin turkuɗi, wanda ƙwaryarsa ba ta kai faɗin yatsa biyu ba, wanda Buzaye ke naɗawa a ka har cikin Sahara? Babu ɗaya cikin manyan masaƙun da na lissafa a sama da za ta yi maka wannan aiki da saurin ta kakanka, kuma da irinta aka saƙa tufafin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya tarar ana fatauci da su a Kano a 1851. Idan kana son babba don mayafi, nemi babba ka ƙara. Wannan kuwa 'yan sanduna ne da allera da matsefi, wanda zai saya ba zai ba ka kuɗin kirki ba. Ka sauko da ita ka kakkaɓe, ka sake igiyoyin mataka, ka duba haƙoran matsefin ko akwai wanda ya karye. Allerar ka kai wa wani dattijo a unguwarku ya ƙulla maka sabuwa, ka zauna kusa da shi ka ga yadda yake yi.