Habu, ga amsar maganar shatar Mambila

Habu na ga saƙonka tun da la'asar, ina gareji a Kawo hannuna duk baƙin mai shi yasa na bari sai yanzu da na zauna. Kace wasu mutum shida daga Unguwar Rimi sunaso ka kaisu Gembu, can saman tudun Mambila a jihar Taraba, yawon buɗe ido cikin Disamba, kwana biyar, sunga hotunan gonakin shayi da na kofi a Facebook, kana tambaya ka karɓa ko kar ka karɓa, in ka karɓa kuma ina da ina zaka kaisu. Toh ka karɓa, na yarda da hannunka, shekara huɗu kana gefena nasan yadda kake riƙe sitiyari. Amma ba a kwana biyar ba, kuma ba da irin tuƙin da muka saba na tasha ba.

Bari in fara da kwanakin don nan ne zaka fara cin bashin da ba zaka iya biya ba. Daga Kaduna ka bi Pambeguwa, Saminaka, Jos, Bauchi, Gombe, Kaltungo, Numan sannan ka yanke Jalingo, wannan wuni guda ne cur in ka tashi da asuba, kuma ban yarda ka haɗa da dare ba ko da sun matsa maka. Washegari Jalingo, Garba Chede, Bali, Serti, Mayo Selbe sannan ka fara hawa, wani wunin kenan. Dawowa ma haka. Kaga kwana huɗu sun tafi a kwalta, saura ɗaya, wa zai biya kuɗi mai yawa haka don ya kalli dutse na wuni ɗaya da ciwon baya? Zasu dawo suna cewa Habu ya wahalar damu alhali lissafinsu ne bai fita ba. Ka gaya musu bakwai, in sunce aiki bazai barsu ba toh shida shine ƙarshe, ƙasa da haka ka basu haƙuri.

Sai maganar da tafi damuna wato hawan. Kasan Hawan Kibo ai, mun sha binsa tare in zamu Akwanga, toh ka ɗauka wannan yayansa ne. Daga Mayo Selbe kana ƙasa cikin zafi irin na Taraba, hanya zata fara naɗewa a jikin dutse kwana bayan kwana, gefe ɗaya dutse gefe ɗaya rami, har ka fito saman tudu wajen Maisamari, saman nan kusan mita 1,600 ne daga teku wasu wuraren ma sun haura haka. Akwai inda direbobin can ke kira Hawan Biyu da Sisi, zaka ji sunan a bakin kowa a Serti. Abinda zaka lura dashi mota zata yi sanyin jiki, ka taka totur kaji kamar ba ita ba, kar ka tsorata kace inji ne ya samu matsala, iskar sama bata kai ta ƙasa kauri ba, injin da ba turbo yakan rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 da ka hau, lissafa kaga abinda ya rage maka a sama. Maganinsa giya. Ka sa lamba biyu tun kafin hawan ya kama ka, inda yayi tsanani lamba ɗaya, kar ka jira sai mota ta fara shaƙewa a tsakiyar kwana sannan ka nemi canji, nan ne kuloci ke ƙonewa, nan ne mota ke komawa baya. Kashe AC. Idonka na kan allurar zafi, in ta fara tashi ka samu fili ka tsaya ka bar inji yana aiki a hankali ya huce, kuma Habu don girman Allah kar ka buɗe murfin lagireto da zafinsa, ka ga hannun bakaniken nan na bayan tasha ai.

Hawan ma da sauƙi, gangarowa ce ke kashe mutane. Zuwana na farko ina yaron mota, maigidana Allah ya jiƙansa ya bani sitiyari a gangaren don in koya, ni kuma na ɗora ƙafa akan birki ban ɗaga ba, bamu yi nisa ba naji wari kamar ana ƙona roba, na taka naji birki ya tafi ƙasa laushi kamar soso. Shi ya finciko giya ya jawo birkin hannu a hankali muka jingina da jikin dutse, mutum goma sha huɗu a bayanmu harda mai goyo. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Abinda ya faru shine birki yayi zafi har man birkin ya tafasa, in ya tafasa kuma iska ce kake takawa ba mai ba. Don haka giyar da ka hau da ita da ita zaka sauko, inji ne zai riƙe motar, birki sai dai ka taka da ɗan ƙarfi ka saki, ka taka ka saki, don ya samu shan iska. Firi, wato sakin mota ta gangara ba giya, haramun ne a wurin nan, man da zaka rage bai kai ran mutum ba. In Sienna ka ɗauka a madadin Hiyas ɗin ka jawo giyar zuwa 2 ko L, kar ka barta a D. In birki yayi zafi ka tsaya ka jira, kar ka watsa masa ruwa, ƙarfen zai lanƙwashe. Kowace kwana ka danna oda kafin ka shiga, ka riƙe hannunka, mai hawa shi ake ba hanya, kuma weji biyu na tokare taya su kasance kusa da ƙofa ba can ƙarƙashin kaya ba. Da safe da yamma hazo na rufe tudun har baka ganin gaban bonet sosai, in ya sauko ka kunna ƙaramar fitila, babbar dawo maka zata yi a ido.

Yanzu ga inda aikin ya bambanta da lodin tasha. Fasinjan Kawo so yake ka kaishi, in ka tsaya sai ya fara tsaki. Waɗannan tsayawar suka biya. In ka fito sama suka ga tuddan nan kore kamar an shimfiɗa darduma, shanu farare da jajaye a warwatse, layin bishiyar turare, hayaƙi na tashi daga ruga, zasu ce tsaya tsaya, toh ka tsaya, amma kai zaka zaɓi wurin, fili inda mai zuwa zai hango ka ba kan kwana ba. Ni nakan gaya musu tun a Serti cewa cikin hawa ba tsayawa sai inda nace, in mun fito sama ko sau ashirin ne zan tsaya. In ka faɗa tun farko babu mai jin haushi.

Maganar kofi kuma ka gaya musu gaskiya tun a Kaduna. Hotunan da suka gani masu layi layi kamar an yi wa tudu aski, yawanci shayi ne, gonar Kakara kenan inda masana'antar Highland Tea take, zaka karkata ne daga babbar hanya tsakanin Nguroje da Gembu. Can zasu ga mata da maza da kwanduna a baya suna tsinkar toho, ganye biyu da ɗan tsiro kawai ake cira, in an samu izini a ƙofa a nuna musu yadda ganyen ke yaushi a murza shi ya koma ruwan ƙasa a busar. Izinin nan ka nema da ladabi kuma ka tafi ranar aiki da safe. Kofi kuwa akwai shi, irin arabika mai son tudu da sanyi, amma ba a shimfiɗe yake ba, ƙananan gonaki ne a bayan gidaje ƙarƙashin inuwar ayaba da fiya, in baka san ganyensa ba zaka wuce shi baka sani ba. Da can yafi haka yawa, tunda aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986 manomi ya rasa tabbataccen mai saye, da yawa suka sare suka sa masara ko turare na katako. Cibiyar binciken koko ta ƙasa tana da reshe a Kusuku da ke aiki kan shayi da kofi, nan ma wurin tambaya ne. Sa'ar da suka yi Disamba lokacin nuna ne, zasu tarar da 'ya'yan sunyi ja kamar jan yaro, ka roƙi mai gona ya ɓare musu ɗaya suga ƙwaya biyu manne da juna cikin yauƙi mai zaƙi, suga inda ake shanyawa a tabarma, a gaya musu bishiyar sai tayi shekara uku zuwa huɗu kafin ta fara bada wani abu. Wallahi mutumin da ya saba da na gwangwani in ya ga wannan baya mantawa, na taɓa kai wani dattijo ɗan boko ya zauna gindin bishiya fiye da awa yana hira da manomi ya manta da mu. In sun gama su sayi mudu ɗaya ko biyu a hannun mai gonar, kar ka bari suyi hoto su kaɗe riga su tafi, mutumin ya bar aikinsa ne saboda su.

Sauran wuraren ka auna ƙarfin mutanenka. Dajin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, ba nisa daga Maisamari, kurmi ne na kan dutse da aka killace, akwai biri mai ganga a ciki, wanda turawa ke cewa cimfanzi, amma kar ka yi musu alkawarin ganinsa, tsuntsaye da ƙananan birai dai zasu gani kuma tafiyar ƙafa ce da ɗan jagora. Gandun Gashaka Gumti shine mafi girma a Najeriya, 1991 aka mai dashi na ƙasa, ofishinsu na Serti, can ake yankar takarda a haɗa ka da ma'aikacin daji, in zasu shiga gara a dawowa ku kwana Serti ku shiga da sassafe, akwai dorina a kogin Kam. Wani cikinsu zai ce Chappal Waddi, tunda ya karanta shine dutse mafi tsawo a ƙasar nan, mita 2,419, kan iyakar Kamaru. Kace masa eh haka ne amma wannan tafiyar kwanaki ce a ƙafa da 'yan dako da tanti, ba ta cikin wannan shatar. A Gembu su leƙa kasuwa, su gangara suga kogin Donga, su sayi zuma da fiya da man shanu. Ƙauyukan ciki kuwa kar ka sa mana mota, ka ajiye ta ku hau acaɓa ko tsofaffin Land Rover ɗin can, don hanyar aka yi su.

Ka riƙe ɗan tarihi a baki don zasu tambaye ka, direba shi suke ɗauka ya san komai. Yankin nan da yana cikin Kamarun da Ingila ke riƙo, sai a 1961 bayan ƙuri'ar raba gardama ya shigo Najeriya, sunan Sardauna da ƙaramar hukumar ke ɗauke dashi na Sardaunan Sakkwato ne Sir Ahmadu Bello. Mambilawa ne da Fulani da Kaka da Panso da Kambu da 'yan uwanmu Hausawa 'yan kasuwa, Fillanci ne yaren kasuwa amma Hausa zata kai ka ko ina. Ka koyi jam na da useko, wato gaisuwa da godiya da Fillanci, zaka ga yadda fuska ke sakewa. Abu biyu zaka hana fasinjanka da kanka: ɗaukar hoton matan mutane ko shanunsu ba tambaya, da tsoma baki a maganar fili tsakanin manomi da makiyayi, ƙasa ce da ta taɓa ganin rikici akan wannan, mu baƙi ne, gaisuwa ce tamu. In kun shiga ƙauye ku fara da ƙofar jauro, wato mai garin. Wajen Dorofi da Mayo Ndaga kuma iyaka na kusa, kowa ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa kuma kar wani ya ja ku ku tsallaka don hoto.

Kace musu su ɗauko rigar sanyi ta gaske da safa da bargo, sanyin daren Disamba a Gembu ya wuce na hunturun Kaduna nesa, ga masu amai a kwana ka tanadi leda ka sasu gaba. Mai ka cika a Jalingo ka ƙara a Bali ko Serti, a sama yafi tsada. Tsabar kuɗi a hannu don sabis na ɗaukewa. Safaya biyu, fanbel, man birki, jarkar ruwa, igiyar ja. Wajen ciniki ka lissafa man hawa daban don dutse na sha, ka sa kwananka da abincinka da kuɗin acaɓa a kansu, a rubuta, su bada rabi kafin ka tada mota, kuma kafin ranar ka kira 'yan uwa a tashar Jalingo ka tambayi lafiyar hanya da gadoji.

Gobe in Allah ya kaimu bayan asuba ka same ni a gareji, zamu cire tayoyin huɗu mu duba birkin da idonmu mu zubar da tsohon man mu sa sabo, kazo min da lambar shugaban tafiyar zan yi masa maganar kwana bakwai ɗin da kaina. Ka gaida Inna da jiki.