Na sayi sandar fatsa ta zamani, amma yara masu kara sun fi ni kamu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a Kano, kuma na daɗe ina sha'awar fatsa don in riƙa hutar da kaina a ƙarshen mako. Na sayi sanda ta zamani mai ƙarfen naɗe zare, da manyan ƙugiyoyi, da darma. A watan Janairu na je madatsar ruwan Tiga sau uku. Kullum ina isa bayan sallar asuba, don an ce min lokacin ne kifi yake ci. Ina wurga ƙugiya can nesa inda ruwa ke da zurfi, in zauna har hantsi, ko motsi babu. Amma ranar ƙarshe da na tsaya har la'asar sai na ga yaran ƙauyen da kara da guntun zare suna ta ciro karfasa a bakin gaɓa. Shin kayan ne ba su da kyau, ko ni ne ban iya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka mayar da sandarka kasuwa, lafiyarta ƙalau. Yaran nan sun san kifin da suke nema, sun san inda yake kwana da lokacin da yake jin yunwa. Kai kuwa ka tafi neman kifi ne kawai, kowane iri, alhali kowannensu da gidansa da cimarsa. A bayaninka na ga abubuwa uku da suka haɗu suka hana ka kamu, kuma babbansu shi ne sanyi.

Wanda ya ce maka kifi da asuba yake ci bai yi ƙarya ba, amma maganarsa ta bazara da damina ce. Kifi ba ya ɗumama jikinsa kamar mu, zafin jikinsa na ruwan da yake ciki ne. Karfasa, wadda a wasu wurare ake kira gargaza, tana sakin jiki ta ci abinci sosai ne idan ɗumin ruwa yana wajen digiri 27 zuwa 30. Da zarar ya sauka ƙasa da 20 sai cinta ya ragu matuƙa, idan ya kai wajen 16 kuwa kusan rufe baki take yi. To ka duba lokacin da ka zaɓa: Janairu, tsakiyar hunturu, kuma da asuba, sa'ar da ruwa ya kwana yana shan iskar dare. Babu lokacin da ya fi wannan sanyi a duk shekara. Da za ka ɗora mata tana a kan hanci ma ba lallai ta kula ba. Su kuwa yaran da la'asar ka gan su, bayan rana ta yini tana dukan ruwan gefe wanda bai wuce gwiwa ba. Wannan ruwan shi yake fara ɗumi, can karfasa take taruwa, can kuma yunwa take taso mata. Saboda haka a hunturu ka yi karin kumallonka a gida cikin natsuwa, ka isa bakin ruwa bayan azahar, ka nemi lungun da tudu ko duwatsu suka kare daga iskar arewa maso gabas, wanda rana take haskawa. Idan zafi ya shigo, daga Maris zuwa Mayu, sai ka juya lissafin: asuba zuwa hantsi, da kuma dab da magariba.

Na biyu shi ne nisan da kake wurgawa. Wannan kuskure ne da kusan duk wanda ya riƙe sandar zamani karon farko yake yi, don sandar tana iya kai ƙugiya nesa, zuciya kuma tana raya wa mutum cewa manya suna can tsakiya. Tiga babban ruwa ne, faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 178 tun da aka tare kogin Kano aka kammala madatsar a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Amma kifin ba a warwatse yake daidai a ko'ina ba. Abincinsa a gefe yake: gansakuka, ciyawar ruwa, ƙwari, tsutsotsi, ƙananan kifaye. Duk inda hasken rana yake isa ƙasan ruwa, nan rayuwa take. A lokacin zafi ma abin ya fi haka, domin a manyan madatsai ruwan sama mai ɗumi yakan zauna a kan na ƙasa mai sanyi ba tare da sun gauraya ba, sai iskar da kifi ke shaƙa ta ƙare a ƙasa. Mai darma mai nauyi yakan kai ƙotonsa wurin da babu kifin da zai iya zama. Ga kuma kututturan itatuwan da ruwa ya binne, masu cinye ƙugiya da zare.

Abin da za ka riƙa nema da ido shi ne inda abu biyu suka haɗu. Bakin ciyawa da fili, dutse da yashi, inuwar bishiya da hasken rana, wurin da ƙorama take zubowa cikin tafki. A kogi kuma ka duba bayan dutse ko kwanar da ruwa yake juyawa yana tara kumfa da ganye, don kifi ba ya son wahalar da kansa a tsakiyar igiyar ruwa, gefe yake laɓewa abinci ya zo ya same shi.

Na taɓa zama kusa da wani dattijo a bakin ruwa a Yawuri, ina kallon yadda yake yi. Da ya iso bai taɓa zarensa ba. Ya tsuguna nesa kaɗan da gaɓa, ya jiƙa dusa da garin ƙuli-ƙuli, ya dunƙula kamar ƙwan kaza guda uku, ya jefa su a hankali gab da bakin ciyawa. Sannan ya zauna yana jan carbi kusan rabin sa'a. Sai da ƙananan kumfa suka fara tasowa a wurin ya tsinke tana, ya sa rabi a wata 'yar ƙugiya, ya sauke ta ba tare da ruwan ya yi ƙara ba. Guntun totuwar da ya ɗaura a zaren ya fara rawa, ni har na ce masa Baba ja mana. Ya girgiza kai, ya ce ƙanana ne suke tsakura. Can sai totuwar ta kwanta, ta fara tafiya gefe a hankali, ta nutse. A nan ya ɗaga hannu, ɗagawa kawai ba fizga ba, sai ga karfasa mai faɗin tafin hannu biyu. Na lura kuma duk zamansa bai bar inuwarsa ta faɗa kan ruwan ba. Hausawa da suka ce kifi na ganinka mai jar koma sun san abin da suke faɗa. Yana ganin farar riga da motsin hannu, kuma a gefen jikinsa akwai wani layi da yake jin girgizar ruwa da shi, har takun ƙafarka a kan gaɓa yana isa gare shi.

Wannan ya kawo mu kan ƙugiya. Ka ce manya ka saya. Bakin karfasa ƙarami ne, kuma asalin cimarta gansakuka ce da ƙananan halittun ruwa, tsotsa take yi, ba ta cafka. Ƙugiyar da ta wuce girman farcen ƙaramin yatsanka ta yi mata yawa. Ka nemi siririn zare, wanda aka rubuta 0.20 ko 0.25 a jikin abin naɗinsa, da 'yar darma kamar ƙwayar dawa, da abin da zai yi iyo a sama ya nuna maka motsi. Na kanti yana da kyau, amma totuwa ko guntun tsohon silifa ma suna aikin. Ka daidaita tsawon zaren yadda ƙoton zai tsaya kamar taki ɗaya a saman ƙasan ruwa. Idan an jima shiru, ka matsar da shi sama kaɗan kafin ka yi tunanin sauya wuri. Tana ita ce uwar ƙoto, sai fara, da shinge idan damina ta faɗi, da ƙullin fulawa da aka murza ya yi danƙo.

Manyan ƙugiyoyin ka adana su, ranarsu tana zuwa, ranar tarwaɗa. Ita lamarinta daban ne. Idanunta ƙanana ne, da gashin bakinta take laluben abinci, tana bin wari da ɗanɗano, kuma ta fi yawo da duhu a ƙasan ruwa mai laka. Hanjin kaza, hanta, dunƙulen tana, ko yankan kifi, a zare mai kaurin milimita 0.35 zuwa 0.40, a ajiye a ƙasa daga magariba. Lokacinta mafi kyau shi ne farkon damina, idan sabon ruwa ja ya fara shigowa ya hau kan ciyawa, don a lokacin take fitowa gefe neman wurin zuba ƙwai. Ragon ruwa ma yakan faɗa wa irin wannan ƙoton. Sai dai ka kula da hannunka: tarwaɗa da kurungu suna da ƙaya mai ƙarfi a fiffiken gefe, ta kurungu ma har maƙalewa take yi a tsaye, kuma sukarta tana da raɗaɗi ƙwarai. Ka danne kifin da jiƙaƙƙen tsumma ta bayan kai, ka cire ƙugiyar da filaya. Idan kuma ka ciro wani mai taushin jiki, mai kumburi da ɗige-ɗige, marar ƙaya a baya, kada ka kai hannu. Minjirya ce, wutar da take saki takan haura bolt 300. Ka yanke zaren kawai.

Na san a ƙasan zuciyarka giwan ruwa kake hange, kowa ma haka ne. Kifi ne da ya cancanci a yi mafarkinsa. A tafkin Nasir na ƙasar Masar an kama wanda ya haura kilo 104 da sanda da zare a shekarar 2000, kuma Turawa suna biyan kuɗi mai yawa su je kogin Faro a arewacin Kamaru don neman shi. A nan gida akwai shi a Kainji da Jebba da sassan kogin Kwara da Binuwai. Mafarauci ne mai kwanton ɓauna a gindin duwatsu, ana yaudararsa da ƙaramin kifi mai rai ko na roba. A irin wannan ruwan akwai tsage, wanda haƙoransa suke datse zaren roba kamar almakashi, sai an sa guntuwar waya a gaban ƙugiya. Amma shawarata ka ba karfasa da tarwaɗa shekara guda tukuna. A kansu hannu yake koyon bambanta tsakura da ci, da yadda ake sassauta wa kifi zare idan ya ja, a janyo shi idan ya gaji.

Akwai abin da ban ji ka ambata ba, kuma ya dame ni: ka gaisa da mutanen wurin kuwa? Kowane ruwa a ƙasar nan yana da masu shi. Akwai Sarkin Ruwa, akwai masuntan da abincin iyalinsu yake ciki, da ragarsu da mamarinsu a shimfiɗe a inda kai ba ka gani. Abin da yake hutu a wurinka sana'a ce a wurinsu. Ka je ka yi sallama, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka tambayi inda ba a so a jefa ƙugiya. Da ɗan gari akan ci gari, kuma abin da masunci zai gaya maka a zaman shayi guda ya fi abin da za ka gano da kanka a wata shida. Shi ne kuma zai gaya maka inda gaɓa take zaftarewa, da inda kada ko dorina suke a ruwan da ake da su.

Ina roƙonka kada ka riƙa shiga ruwan da ƙafa tsirara. Ruwan da yake kwance mai ciyawa gidan ƙananan dodon koɗi ne masu ɗauke da tsutsar tsargiya, kuma ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Takalmin roba mai tsawo ya wadatar. Wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan ya yi hulɗa da irin wannan ruwa ya tafi asibiti, akwai magani. Idan za ka hau kwalekwale, ka sa rigar kariya ko da ka iya iyo, kuma kada ka shiga wanda aka cika. Mutanen Kano ba su manta da abin da ya faru a Bagwai a watan Nuwamban 2021 ba, inda jirgi ya kife da mutane, yawancinsu yara 'yan makaranta. Idan hadari ya haɗo kuma ka kwantar da sandar ka bar bakin ruwa, domin yawancin sandunan zamani suna ɗaukar wuta, ta tsawa ko ta wayar lantarki.

Game da abin da ka kama, ka ɗauki na miya ka mayar da ƙanana. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da abin fashewa da lantarki, kuma duk wanda ya ga abin da maganin ƙwari na Gamalin yake yi wa tafki ba zai so a maimaita ba. Mai fatsa ba ya cikin masu wannan ɓarna, amma shi ma yana da nasa haƙƙin. Macen karfasa a baki take renon ƙwanta da 'ya'yanta, kwana da kwanaki ba ta cin komai. Idan ka kama wadda maƙoshinta ya kumbura, ka ga ƙwai rawaya a bakinta, ɗaruruwan kifaye ne a hannunka. Ka jiƙa hannu, ka zare ƙugiyar a hankali, ka sake ta a wurin da ka kama ta. Manyan kifayen da ake baje kolinsu a bikin Argungu, wanda aka fara tun 1934, suna kai wannan girman ne saboda ana hana kamun kifi a kogin Matan Fada har sai ranar biki.

Idan za ka koma Tiga kafin sanyin nan ya wuce, ka tafi da dusa kwano ɗaya, da tana a gwangwani mai danshin ƙasa, da ƙananan ƙugiyoyi kamar goma, ka sa riga mai duhu. Ka isa da azahar, ka nemi yaran nan, ka zauna kusa da su ka ga tsawon zaren da suke bari tsakanin totuwa da ƙugiya, ka auna naka daidai da nasu. Allah Ya ba da sa'a.