Amsa ga Ƙanena Mai Shirin Zuwa Karatu Amurka Kan Zuba Kuɗi a Cinikin Inshorar Rai

Assalamu alaikum, ƙanena. Saƙonka ya iso, na kuma taya ka murnar samun gurbin digiri na biyu a nan Teksas, Allah ya sa a fara a sa'a a gama lafiya. Ka ce Baba ya sayar da fili ya haɗa maka kuɗin karatun shekara biyu, sai wani bawan Allah da ke zaune a nan Amurka ya ba ka shawara ta WhatsApp cewa kada ka bar kuɗin shekara ta biyu a kwance, ka zuba su a cinikin inshorar ran tsofaffi, wanda ake kira layif setilmen, da alkawarin ribar kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari a shekara. Hujjarsa ita ce mutuwa rigar kowa ce, saboda haka ribar ma babu makawa. Ka tambaye ni ko doka ta san da harkar, ko kuwa damfara ce irin su MMM da ta tafi da kuɗin mutane a gida a 2016. Na zaɓi in amsa maka a rubuce dalla-dalla domin ka karanta wa Baba, tun da guminsa ne ake magana a kai.

Ga yadda cinikin yake. Dattijo ɗan shekara 70 ko 80 yana da inshorar rai, wato ya daɗe yana zuba wa kamfani kuɗi a kan cewa idan ya rasu za a biya magadansa wani adadi mai yawa. Sai zubin ya yi masa nauyi, ko 'ya'yansa sun girma ba su da bukata, ko kuma yana neman kuɗin jinya. Idan ya mayar wa kamfanin da takardar, ɗan abin da za a ba shi bai taka kara ya karya ba, don haka sai ya sayar wa wani da ya fi kamfanin tayi. Daga ranar, mai sayen shi ne zai ci gaba da biyan zubin har dattijon ya rasu, sannan ya karɓi kuɗin da a da magada za su karɓa.

Doka ta yarda da wannan, kuma ba yau ba. A 1911 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Grigsby da Russell, inda wani majinyaci da ke bukatar kuɗin tiyata ya sayar wa likitansa inshorarsa a kan dala 100 da sharaɗin likitan ya ci gaba da zubi. Kotun ta ce takardar inshora dukiya ce kamar kowace dukiya, mai ita yana da ikon sayarwa. A yau mafi yawan jihohi suna da dokar da ta wajabta wa kamfanonin da ke saye da dillalansu su mallaki lasisi daga hukumar inshorar jiha, kuma manyan masu jari suna cikin harkar. Saboda haka ba zan ce maka asalinta damfara ce ba. Sai dai mafi yawan waɗannan dokoki an yi su ne domin kare dattijon da ke sayarwa, kai mai zuba kuɗi kariyarka daban ce, kuma ta fi rauni.

Inda maganar mutuminka ta karye shi ne a kan lokaci. Gaskiya ne kowa zai mutu, amma ribarka ba a kan mutuwar ta rataya ba, a kan ranarta ta rataya, ranar kuwa Allah kaɗai ya bar wa kansa saninta. Bari in yi maka lissafi na misali. A ce takardar dala miliyan 1 ce, an saye ta dala 250,000, ana zuba mata dala 40,000 kowace shekara, an kuma ƙiyasta cewa dattijon yana da sauran shekara 5. Idan ƙiyasin ya yi daidai, an kashe dala 450,000 an karɓi miliyan 1, riba mai tsoka. Idan ya yi shekara 12, an kashe dala 730,000, abin da ya rage kuma idan aka raba shi a kan shekarun, bai wuce kamar kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari a shekara ba. Idan ya kai shekara 19, uwar kuɗin ma ta fara zaizayewa. Wannan ma na yi maka sauƙi ne da na bar zubin a tsaye, domin a irin takardun da aka fi sayarwa zubin yana ƙaruwa ne yayin da mai inshorar ke ƙara tsufa, kuma a wajajen 2015 da 2016 wasu kamfanonin inshora sun ƙara kuɗin a kan tsofaffin takardu ba tare da masu jari sun shirya wa hakan ba. Idan kuwa aka daina zubi, takardar ta mutu, duk abin da aka kashe a baya ya bi ruwa.

Na taɓa ganin wannan da idona. Wata abokiyar aikina, mace mai shekara sittin da 'yan kai, ta zo ofishina da ambulan a hannu tana neman in duba mata lissafi. Shekaru tara da suka wuce ta sayi ɗan kaso a inshorar wani dattijo da ba ta taɓa gani ba, an ce mata shekara uku zuwa huɗu za ta jira. Takardar da ta miƙo mini ta neman ƙarin kuɗin zubi ce, ta biyar a jere, an ba ta kwana talatin, an kuma ja layi a ƙarƙashin jimlar da ke cewa idan ba ta biya ba kasonta ya faɗi. Abin da ya tsaya mini a rai ba kuɗin ba ne. Ta sunkuyar da kai ta ce duk lokacin da wasiƙar kamfanin ta zo, sai ta tarar da zuciyarta tana fatan a ce labarin rasuwar mutumin ne, kuma tana jin kunyar kanta a kan haka.

Tarihin harkar cike yake da irin wannan kuskuren ƙiyasi, wani na rashin sani, wani na ganganci. Ta bunƙasa ne a shekarun 1980, lokacin da masu cutar ƙanjamau ke sayar da inshorarsu domin jinya, sai sababbin magunguna suka fito a wajajen 1996, waɗanda aka ce saura musu shekara biyu suka rayu shekaru masu yawa, masu jari kuma suka tafka asara. A 2004 hukumar kula da hada-hadar hannayen jari ta Amurka, wato SEC, ta rufe kamfanin Mutual Benefits na jihar Fulorida, wanda ya karɓi sama da dala biliyan 1 daga mutane kusan 30,000, bayan an gano cewa ƙiyasin kwanakin da ake nuna wa masu jari na ƙarya ne. An ɗaure jagoransa, Joel Steinger, shekara 20. A nan Teksas kuma akwai Life Partners na garin Waco, wanda ya dogara da likita guda wajen ƙiyasta sauran kwanakin dubban mutane, aka kuma wayi gari mafi yawansu sun zarce ƙiyasin. SEC ta kai shi ƙara a 2012, kuma ko da yake ba dukkan tuhume-tuhumen ne suka tabbata ba, kotu ta ɗora wa kamfanin da shugabanninsa biyan kusan dala miliyan 47, ya kuma bayyana karyewarsa a Janairun 2015. Kamfanin GWG na Dallas, wanda ya sayar wa ƙananan masu jari takardun bashi na sama da dala biliyan 1 da sunan wannan harka, shi ma ya durƙushe a Afrilun 2022. A Birtaniya, bayan rushewar kamfanin zuba jari na Keydata a 2009, hukumar kula da harkokin kuɗi ta ƙasar ta fito a 2011 ta kira irin wannan jari mai guba, ta ce bai dace a sayar wa talaka mai ɗan ajiya ba. Ka lura cewa duk waɗannan kamfanoni sun kasance suna da ofisoshi da lauyoyi da takardun rajista, don haka rajista kaɗai ba ta isa hujja ba.

Akwai kuma haɗarin asalin takardar kanta. Idan an buɗe inshorar ne tun farko da nufin sayarwa, wato wasu baƙi suka lallaɓa dattijo ya sa hannu su kuma suka biya, kotuna a jihohi da dama suna ɗaukar wannan a matsayin caca da ran mutum, suna iya soke takardar baki ɗaya. Haka nan kamfanin inshora yana da shekara biyu na farko da zai iya ƙin biya idan ya gano an yi ƙarya a bayanin lafiya.

Idan kana son gwada gaskiyar mutuminka, ka nemi cikakken sunansa da na kamfanin, ka duba shi a BrokerCheck na FINRA, hukumar da ke sa ido kan dillalan hannayen jari, wanda kyauta ne a intanet, yana nuna ko mutum yana da lasisin sayar da jari da kuma ƙorafe-ƙorafen da aka taɓa yi a kansa. Ka duba ko kamfanin ya shigar da takardunsa a rumbun EDGAR na SEC, ka kuma tuntuɓi hukumar hannayen jari da ta inshora na jihar da ya ce yana aiki. Daga nan ka tambaye shi a rubuce: wa ya yi ƙiyasin kwanakin, kamfanoni nawa ne masu zaman kansu suka yi shi, wa ke riƙe da takardar da kuɗin zubi, na shekara nawa aka ware, wa zai biya idan suka ƙare, kuma nawa ne ladansa shi a ciki. Mai gaskiya zai amsa ba tare da ɓacin rai ba, wanda kuwa ya ce ka yi sauri kafin a rufe, ko ya ce ka tura kuɗin zuwa asusunsa na kansa, ka riga ka sami amsarka. Wani abin da ya ƙara sa ni shakka shi ne, irin wannan jari galibi ana keɓe shi ne ga wanda ke da dukiyar da ta haura dala miliyan 1 ban da gidan da yake zaune, ko wanda ke samun sama da dala 200,000 a shekara. Wanda ya kawo wa ɗalibi tallarsa, ko dai bai san doka ba, ko bai damu da ita ba. Idan kuma ya ce zai ba ka kamasho ka jawo masa wasu ɗalibai, kada ka kuskura, domin bizar karatu ba ta yarda ka yi aiki a wajen makaranta ba tare da izini ba, kuma hakan na iya jawo maka kora.

To a ce ma ya tsallake dukkan waɗannan gwaje-gwaje, har yanzu ba zan yarda maka ba. Manyan masu jari da ke cin riba a nan suna sayen ɗaruruwan takardu ne a lokaci guda, ta yadda idan wani ya daɗe wani zai gaggauta, kuma suna da ƙarfin jiran shekara goma. Kai kaso za ka saya a takarda ɗaya ko biyu, kuɗinka kuma suna da ranar da makaranta za ta neme su, wata goma sha biyu daga yanzu. Babu wata kasuwa da za ka je ka sayar da kasonka idan ranar ta zo, sai dai ka karyar da shi, idan ma ka sami mai saye. Ɗalibin da ya kasa biyan kuɗin zango ba zai yi rajista ba, wanda bai yi rajista ba kuma matsayin bizarsa ya lalace.

Ta fuskar addini, ni ba malami ba ne, amma na san cewa Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke tun 1985 a Jidda cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda gararin da ke cikinta, wato rashin tabbas, ta kuma yarda da tsarin taimakon juna da ake kira takaful. Wannan ciniki ya ƙara a kan haka da ba da kuɗi kaɗan yanzu domin karɓar kuɗi masu yawa a ranar da ba a sani ba, tare da ɗaure maslaharka da mutuwar wani. Ka kai wa malamin da Baba yake yarda da shi wannan bayani kamar yadda na rubuta shi, ka ji abin da zai ce.

Kuɗin shekara ta biyu ka ajiye su a bankin da ke da inshorar hukumar FDIC, wadda ke lamunce ajiya har dala 250,000, da zarar ka iso ka buɗe asusu da sunanka. Idan mutumin ya turo maka wasu takardu, ka turo mini su kafin ka sa hannu a ko ɗaya, ka kuma sanar da ni ranar saukarka domin in zo filin jirgi in ɗauke ka. Ka gaishe mini da Baba da Hajiya.