Hukuncin rina ƙwai da yi masa ado ranar Shammun Nasim

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Muna zaune a Alƙahira, maigidana yana karatu a Azhar. Duk shekara in Shammun Nasim ta zo, maƙwabtanmu, Musulmi da Kirista, sai su dafa ƙwai su rina shi kala-kala, su fita shan iska. Bara wata maƙwabciyata ta aiko mana da shi cikin kwano, na rasa yadda zan yi. Bana kuma yarana sun tasa ni gaba sai mun yi namu. Ya halatta in yi musu? Wanda aka aiko mana fa, mu ci?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Baiwar Allah, Allah ya ƙara miki kishin addini, ya shirya mana zuri'a. Abu biyu ne suka cakuɗu a tambayarki, ƙwai da kuma rana, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Shi rinin ƙwai a kan kansa halal ne. Asalin abubuwan al'ada halacci ne har sai dalili ya hana, kamar yadda aya ta 29 a Suratul Baƙara ta nuna cewa Allah ya halitta mana duk abin da ke bayan ƙasa. Matar da ta tafasa ƙwai da ɓawon albasa ya fito ja-ja, ko ta jiƙa shi a ruwan gangamau ya koma rawaya, ko a ruwan jan kabeji ya zama shuɗi, ba ta yi abin da ya wuce na mai zuba kala a shinkafa ba. Haka wadda ta manna ɗan ganye a jikin ƙwan, ta ɗaure da tsohuwar safa mai shara-shara, ta tsoma a rini don siffar ganyen ta fito. Haka mai zane da narkakken kaki kafin rinin, yadda mutanen Yukren suka ƙware a kai. Duk wannan fasahar hannu ce, ba ibada ba ce.

Ranar ita ce wurin magana. Masana tarihi suna danganta Shammun Nasim da Shemu, wato lokacin girbi a lissafin Misirawan zamanin Fir'auna, sunan Larabcin kuma ma'anarsa shaƙar iska mai daɗi. Yau hutu ne na ƙasa a Masar, ana yinta a Sudan ma, mutane su fita lambuna su ci fasikh, wato kifin da aka tsima da gishiri, da ɗanyar albasa da latas. Amma ki lura da yadda ake sa ta: kullum Litinin ce da ke bin Lahadin Ista ta Kibɗawa, wato Kiristocin Masar. Shi ya sa a 2024 ta faɗo 6 ga Mayu, a 2025 kuma 21 ga Afrilu. Kibɗawa suna azumin kwana 55 ba sa cin nama, ba madara, ba ƙwai, sai ranar Ista su buɗe baki da shi. A wajen Kiristocin Gabas jan ƙwai alama ce ta jinin Almasihu, ɓawonsa kuma kabarin da suka ce ya tashi daga ciki. Mu kuwa aya ta 157 a Suratun Nisa'i ta yanke mana magana: ba su kashe Annabi Isa (AS) ba, ba su gicciye shi ba. Saboda haka wanda ya rina ƙwai da nufin raya wannan aƙida ko girmama idin Ista, ya yi haram, babu saɓani a nan.

Saɓanin yana kan Musulmin da bai nufi komai ba sai hutu da faranta wa yara. Hukumar fatawa ta Masar, Darul Ifta, tana ganin ranar ta zama al'adar ƙasa da ba ta da alaƙa da ibada, don haka ta halatta fita da cin abincin da rina ƙwan muddin ba a haɗa da saɓo ba. Wasu malamai kuma sun hana. Hujjarsu hadisin Anas (RA) ne da Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito, cewa Manzon Allah (SAW) ya iso Madina ya tarar suna da ranaku biyu na wasa tun jahiliyya, ya ce Allah ya musanya musu da waɗanda suka fi, wato ƙaramar Sallah da babba. Sai kuma hadisin Ibn Umar (RA) na cewa wanda ya yi kamanceceniya da wasu mutane yana cikinsu.

Wannan magana ba sabuwa ba ce a garin da kike. Ibnul Hajj, malamin Malikiyya da ya rasu a Alƙahira a shekara ta 737 bayan Hijira, ya ambaci rinin ƙwai a cikin littafinsa Madkhal, inda yake sukar abin da Musulmin Masar ke yi a ranar Alhamis ɗin da ke gabanin Ista, har ya kawo yadda ake caca da ƙwan. Littafin nan kuwa malamanmu sun san shi sarai, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yawaita cirato daga gare shi. Ibn Taimiyya ma ya lissafa rinin ƙwai cikin abubuwan da bai kamata Musulmi ya keɓance ranakun idin Kirista da su ba.

Abin da na fi natsuwa da shi, kada ki rina ƙwai a gidanki ranar Shammun Nasim ko a makon Ista. Dalilina, ranar tana tafiya da kalandar coci duk inda ta juya, ƙwan kuma shi ne alamar da ta fi fitowa fili a idin nasu. Ke kuma baƙuwa ce, ba ki gaji al'adar ba, barinta ba zai raba ki da dangi ba. Sai dai ban ce maƙwabciyarki Musulma da ta yi ta fita daga hanya ba. Fatawar malaman ƙasarta ta bi, kuma mas'ala ce ta ijtihadi. Kada ki bari yaranki su fita waje suna ce wa 'ya'yan mutane kafirai saboda ƙwai. Wannan ɓarnar ta fi wadda kike gudu girma.

Kyautar da aka aiko miki ki karɓa, ki yi godiya, ku ci. An ruwaito cewa an kawo wa Sayyadina Ali (RA) kyauta ranar Nairuz, idin sabuwar shekarar Farisawa, ya karɓa. Nana A'isha (RA) kuma da aka tambaye ta game da kyautar Majusawa a ranar idinsu, ta hana cin abin da aka yanka domin ranar, ta halatta na itatuwa. Ƙwai ba yanka ba ne. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ma ta ba ki damar kyautata wa wanda bai yaƙe ki don addini ba. In Sallah ta zo, ki mayar da kwanon da cincin ko dubulan.

Su yara launi suke so, ba tarihin Fir'auna ba. Ki zaɓi wata rana daban, wadda ba ta kusa da wannan, kuma kada ki mai da ita abin yi duk shekara a rana guda har ta koma wani sabon idi. Ki tara ɓawon albasa, ki sa ɗan ruwan khal a tukunyar don rinin ya kama, ki bar su su gwada zoɓo su ga abin mamaki, domin maimakon ja, toka-toka mai duhu yake bayarwa. Zanen fure da ganye da layuka ya fi. In yaro ya zana ido da baki don wasa, akwai sauƙi a kayan wasan yara, kamar yadda 'yan tsanan Nana A'isha suka nuna. Gicciye kam a'a.

Ki kiyaye abu huɗu kafin ki ɗora tukunya. Ɓawon ƙwai yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, to in za a ci, kada a shafa masa fentin gini ko tawada, sai kalar abinci ko ta ganye. Dafaffen ƙwai kuma kada ya wuce awa 2 a waje, musamman in ya tsage. In don ajiya a matsayin ado kike so, ki huda ɗanye sama da ƙasa, ki hure cikin a kwano ku soya, ki ƙawata ɓawon, domin rina ƙwai goma a zubar almubazzaranci ne. Na huɗun shi ne wasan gwara ƙwai biyu, wanda nasa ya fashe ya miƙa wa ɗan'uwansa, irin wanda wasunmu suka yi da ƙwan zabi suna yara. In don dariya ne kowa ya ci nasa, ba komai. In wanda ya yi nasara zai ƙwace na ɗayan, ya zama caca, ko da ƙwai ɗaya ne, sai ki hana.

Wallahu a'alam.